Yadda zaka raba sifikun mota tsakanin amfilifaya biyu ba tare da ka ƙona rediyonka ba

Tambayar da aka turo: "Salam oga, ina da Corolla, rediyon da tazo dashi yana nan lafiya lau bana son cire shi, sai kuma na sayi amfilifaya mai canel huɗu, wat 75 kowane canel, da ɗan akwatin Bluetooth da zan riƙa jona mata daga waya. So nake sifikun motar guda huɗu su riƙa yi da rediyon in naso, suyi da amfilifayar in naso. Mai rewaya yace a haɗe wayoyin kawai tunda ba tare zan kunna su ba, wani kuma yace a sa makunni a fozitib kaɗai a dunƙule negetib waje ɗaya. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abinda kake so yana yiwuwa sarai kuma ana yi, amma dan Allah kada ka bari ayi maka ko ɗaya cikin biyun nan da aka faɗa maka, duka biyun hanyar ƙona aisin rediyo ce, wato IC ɗin da ke fitar da sauti a cikinsa, bambancin kawai wata tafi wata saurin ƙonawa. Kayi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo, sabida in baka gane dalilin ba gobe wani zai sake zuwa maka da wata dabarar mai kama da waɗannan ka yarda.

Shi rediyon naka a cikinsa ma akwai amfilifaya, mutane da yawa basu san da haka ba. Ɗan aisi ne guda ɗaya manne da ƙarfen bayan rediyon, irinsu TDA7388 ko TDA7850 da 'yan uwansu, shi yake tura sifiku huɗun. Kenan amfilifaya biyu gareka, ƙarama da babba. Toh ita amfilifaya ko wace iri ce an ƙera ta ne ta tura wuta cikin abu mai om 4 ko om 2, wato sifika (om shine ma'aunin yadda abu yake tare wuta), amma bakin fitarta in aka turo masa wuta ta baya kusan baya tare komai, ko om ɗaya bai kai ba, yawanci ma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na om ne. In ka haɗe wayar fitar wannan da ta waccan, babbar ba sifika zata gani ba, gani zatayi kamar an haɗa mata waya da waya, shot kenan.

Maganar "ai ba tare zan kunna su ba" kuma bata ceton komai. Wat 75 a kan om 4 wajen bolt 17 ne, in ganga ta buga ƙololuwarsa tana haura bolt 24, sama da ƙasa. Shi kuwa aisin rediyo iyakarsa tsakanin sifili ne da bolt 14 da ɗan kai da batir ke bashi in inji na tafiya. Ko a kashe yake ƙafafunsa suna nan a jone da wayar, kuma a cikinsa akwai ƙananan daiyod, wato 'yan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da zasu buɗe su bar wuta ta wuce da zarar ta haura ta batir ko ta gangara ƙasa da sifili, sai ya zama ana ɗura masa wuta ta ƙofar fita. Da farko zakaji sauti yana karyewa in ka ƙara murya, amfilifayar tana zafi tana shiga furotek, wato tana kashe kanta don kariya, wata rana kuma ka kunna rediyo fuskarsa ta kawo haske, tasha ta kama, amma shiru. Balle ranar da yaro ko wanda ka ara wa motar ya kunna duka biyun lokaci ɗaya.

Ka ɗauke shi kamar wutar NEPA da janareto a gida ɗaya. Babu mai murɗe wayoyinsu waje ɗaya yace ai ba tare zasu zo ba, cenji-oba ake sakawa, gidan yana tsakiya, ko ya karɓa daga nan ko daga can, kuma sai ya saki ɗaya tukuna ya kama ɗayan. Sifikarka ita ce a tsakiyar.

Yanzu shawara ta biyu, wadda tafi yaudarar mutane sabida a ido tayi kama da daidai. A wayarin ɗin mota mun saba negetib shine as, wato bodi, fitila da hon da fanka duk haka suke, ka yanke fozitib shikenan ka kashe abu. Wayar sifika ba haka take ba. Da aisin rediyo zai tura sifika da waya ɗaya ɗayar tana bodi, da bolt 14 ɗin nan abinda zai iya baka bai wuce wat 6 ba a om 4. Shi yasa masu ƙerawa suka sa ƙananan amfilifaya biyu a kowane canel, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, ɗaya a wayar fozitib ɗaya a wayar negetib, wannan tsarin shi ake kira BTL ko birij, dashi ake samun wajen wat 18 zuwa 22 na gaskiya, wanda ake rubuta 4x50W a kwali. Ma'ana wayar da aka rubuta wa negetib ɗin nan mai rai ce kamar 'yar uwarta. Ba sai ka yarda dani ba, ɗauko mita ka sa a DC, ka kunna rediyo ka mayar da murya sifili, baƙin tsinke a bodi, jan ka taɓa wayoyin sifika ɗaya bayan ɗaya, zaka ga duka biyun suna nuna wajen bolt 6 zuwa 7, rabin wutar batir kenan.

Toh ka duba abinda zai faru in aka dunƙule negetib ɗin rediyo da na amfilifaya. A amfilifaya da yawa irin ƙirar da ake kira kilas AB negetib ɗin wasu canel yana komawa as, ko kai tsaye ko ta bayan wayar RCA, wato wayar da ke shigo mata da sauti, kaga ka ɗauki ƙafar aisi mai bolt 7 ka kai ta bodi. A wasu canel ɗin kuma, sabida a samu damar yi musu birij, an juya su ne, negetib ɗin shine mai wutar, kaga nan kuma bolt 24 ɗin nan ka tura wa rediyo duk da makunnin da ka sa a fozitib. Na kilas D da yawa kuwa duka ƙafafun biyu masu rai ne kamar rediyon. Ko wace iri ka saya babu inda dunƙule negetib yake da lafiya, kuma haka ma baza ka dunƙule negetib ɗin hagu da na dama ba ko a rediyon shi kaɗai.

Wani zai iya ce maka a sa daiyod a kowace waya ya hana wuta komawa baya. Wannan yana aiki a wutar batir, baya aiki a sauti, sabida sauti gaba da baya yake tafiya, daiyod zai yanke rabinsa, abinda zai fito ƙara ce kawai kuma kwayil ɗin sifika yayi ta zafi.

Abinda ake yi shine kowace sifika a sauya mata wayoyinta duka biyu lokaci guda. Makunnin da ke wannan aikin sunansa DPDT, in ka juya bayansa zaka ga ƙafafu shida, layi biyu, uku-uku. Biyun tsakiya su zasu tafi sifika, fozitib a layin hagu negetib a layin dama. Biyun sama na rediyo, biyun ƙasa na amfilifaya, kuma ka kiyaye fozitib duk su tsaya a layi ɗaya, in ka juya guda sifikar zata riƙa shiga lokacin da sauran ke fita sai kaji bes ya gudu. Kuskuren da nafi gani shine a sa amfilifaya a tsakiya a sa sifika a gefe, wannan haɗin na raba amfilifaya ɗaya ne tsakanin sifiku biyu, ba naka bane. Sannan ka nemi mai tsayawa uku, wanda aka rubuta ON-OFF-ON a jikinsa, sabida a tsakiya sifikar bata jone da kowa, dole ka ratsa ta nan kafin ka koma ɗaya ɓangaren. Akwai makunnan da ake ƙerawa su kama sabon kafin su saki tsohon, musamman wasu masu murɗawa da masu zamewa, waɗannan ko na ƙiftawar ido ne sun haɗa maka amfilifaya biyu, ka guje su. Makunnin bango na gida mai hanya biyu shima bazai yi ba, waya ɗaya yake sauyawa. Wani ɗan abu kuma, a yawancin masu sanda in ka ɗaga sandar sama ƙafafun ƙasa ne suke haɗuwa da na tsakiya, ka gwada da mita kafin ka rubuta suna a jiki.

Wannan na sifika ɗaya ne, kai kuma huɗu gareka, wayoyi takwas kenan. Ko ka jera DPDT huɗu, ko ka samu 4PDT mai ƙafa goma sha biyu guda biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Zaiyi aiki amma ni bana so, sabida sai ka jawo wayoyi ashirin da huɗu zuwa gaban dashbod, kuma kana tuƙi kana lalube makunnai, ka tura ɗaya ka manta ɗaya. Rilay, wato makunnin da wuta ke jansa ba hannu ba, shi yafi, ɗan makunni guda ɗaya a gabanka, rilay suna ɓoye suna aikin.

Kafin rilay ɗin bari muyi lissafin amfiya, wato yawan wutar da ke gudu a waya, don shi zai gaya maka girman abinda zaka saya. Ka raba wat da om, abinda ya fito ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta zata baka shi. Naka 75 a raba da 4 ya bada 18.75, kenan amfiya 4 da ɗan kai, in kiɗa ya buga ya taɓa 6. Rediyo kuwa amfiya 2 da kaɗan ne. Saboda haka duk makunni ko rilay da zaka sa ya zama na amfiya 10, kada ka sayi 'yan ƙananan nan masu kamar ƙwayar gyaɗa na amfiya 2 ko 3. Ba wai nan take zasu narke ba, bakinsu ne yake ƙonewa a hankali yayi baƙi, sai sauti ya fara yankewa in ka shiga gargada, kayi ta zargin sifika alhali lafiyarta ƙalau.

Rilay iri biyu zaka samu. Akwai DPDT mai ƙafa takwas irin Omron LY2 da masu kama dashi, a jikin gilas-gilas, na amfiya 10, a wajen masu kayan fanel da kayan lantarki ake samu, in a Kano kake ka duba Sabon Gari. Ƙafa biyu na kwayil, biyu da ake kira COM, su suke aikin ƙafafun tsakiya na makunni, biyu NC wato waɗanda suke haɗe in babu wuta, biyu NO waɗanda sai an bashi wuta suke haɗuwa. Ɗaya ya isa sifika ɗaya, huɗu zaka saya. Dan Allah ka karanta jikin kwayil ɗin kafin ka biya, 12VDC kake nema, sabida masu 24VDC da 220VAC kamanninsu ɗaya kuma su suka fi yawa a shagunan fanel. In da soket ka saya ka ɗaure shi da ɗan ƙarfen riƙonsa ko tayi-raf, hanyoyinmu suna girgiza shi ya zare.

Na biyu shine rilay ɗin mota mai ƙafa biyar da kowane mai rewaya ya sani, na amfiya 30 ko 40, wanda zaka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ko duk inda ake kayan mota. 85 da 86 kwayil, 30 tsakiya, 87a shine NC, 87 shine NO. Ka tabbata akwai 87a a jiki, akwai masu ƙafa biyar da 87 ne guda biyu, waɗannan basa sauyawa, kunnawa kawai suke. Shi wannan yana da ƙarfi kuma yana jure ƙura da zafi, amma waya ɗaya yake sauyawa, kenan biyu kowace sifika, takwas gaba ɗaya. Matsalarsa in ɗaya daga cikin biyun ya maƙale, sifikar zata tsaya ƙafa ɗaya a rediyo ƙafa ɗaya a amfilifaya, bolt 6 ɗin nan na DC ya ratsa ta cikin om 4, amfiya ɗaya da rabi kenan, wat 9 na zafi zalla a kwayil ɗin sifika ko babu kiɗa. Shi yasa ga sifikun ƙofa nafi son DPDT, ƙarfe ɗaya ne yake jan bakin biyu tare.

Haɗin kuwa, a bayan rediyo ne wayoyin sifika huɗu suke taruwa, nan zaka yi aikin. Ka cire kan batir na negetib tukuna. Kowace waya ka yanke ta ka bar kamar tsawon yatsa daga fulogin rediyo don ka samu abin kamawa. Ɓangaren da ya fito daga rediyo ya tafi NC, ɓangaren da ya shige cikin mota zuwa sifika ya tafi COM, wayar da ka jawo daga amfilifaya ta tafi NO. Amfanin sa rediyo a NC shine in rilay basu da wuta, ko fiyus ya tsinke ko ka cire amfilifayar gaba ɗaya, motar ta koma yadda kamfani yayi ta. In zaka samu adafta mai fulogi namiji da mace na motarka ka yanka a jikinsa, ya fi ka taɓa wayar kamfani. Maganar kala, a rediyon kasuwa da adafta fari gaba hagu ne, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya wato fafur baya dama, mai baƙin layi shine negetib. Amma wayar da Toyota ta sa a cikin mota ba wannan kalar take bi ba, ka gano su da batirin rimot na bolt 1.5, ka ɗan taɓa wayoyi biyu kaji wace sifika tayi ƙas, in fatarta ta turo waje toh wayar da ke kan fozitib na batirin ita ce fozitib. Taɓawa kaɗan, kuma kada ka gwada batir a wayar da baka tabbata ta sifika bace, musamman masu rawayan fulogi, na iyabag ne, jakar iskar nan da ke fitowa in anyi hatsari.

Daga but zuwa dashbod wayoyi takwas zaka jawo, 16 AWG ya isa, wato wajen 1.5mm, ta jan ƙarfe ta gaske in zaka samu. Kowane haɗi ayi masa dalma ko a matse shi da kilif mai kyau a rufe da robar da ake ƙonawa ta kama. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin tef ba aiki bane, zafin da mota ke ɗauka in ta wuni a rana watan Afrilu yana narkar da gam ɗin tef ya warware, kuma waya ɗaya tak ta rediyo in ta taɓa bodi kasan sauran.

Sai abinda zai kunna rilay ɗin. Ka ɗauko wuta daga ACC, wato wadda take zuwa in an murɗa ki, ka sa mata fiyus na amfiya 3, ta shiga ɗan makunninka, daga makunnin ta rabu biyu, ɗaya ta tafi kwayil ɗin rilay huɗun, ɗaya ta tafi REM na amfilifaya, wato ƙafar da ke kunna ta. Ɗaya ƙafar kowane kwayil ta tafi bodi. Da haka in ka danna, rilay su ja sifiku zuwa amfilifaya, ita kuma ta tashi, kuma yawancinsu suna ɗan jinkiri na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin su saki sauti, kaga rilay sun riga sun zauna. In ka kashe, ta mutu su kuma su koma rediyo. Kada ka rataya kwayil huɗu ko takwas a kan siririyar wayar rimot mai shuɗi da fari ta rediyo, ƙarfinta 'yan ɗaruruwan miliamfiya ne kawai, LY2 guda huɗu wajen 300 suke ja, na mota takwas kuwa sun haura amfiya ɗaya. Sannan ka gitta daiyod 1N4007 a kan kwayil, gefen da ke da zobe ya kalli fozitib, wannan shi yake shanye wutar da kwayil ke tofowa in an yanke masa, in babu shi zakaji ɗas a sifika duk sanda ka kashe. A rilay na mota fozitib a 86 ake sawa, bodi a 85, wasu ma da daiyod ɗinsu a ciki suke zuwa, in ka juya musu sai fiyus ya tsinke.

Ko da duk wannan, ka saba da rage murya kafin ka sauya. Yanke amfiya 4 ana tsaka da kiɗa yana haifar da tartsatsi a bakin rilay, shi ke cinye shi. Rediyon kuma ka kashe shi in kana kan amfilifaya. Ba wai zai ƙone don babu sifika a jikinsa ba, amfilifayar taransisto bata damu da hakan ba, amma wasu rediyon kamfani na motocin baya-bayan nan suna laluben sifika in an kunna, in basu ji ta ba su rufe canel ɗin sai an kashe mota an sake tayarwa. Wasu na kilas D kuma basa son a tura musu kiɗa da ƙarfi babu sifika, sabida tacewar da ke bakin fitarsu da nauyin sifika aka lissafa ta, haɗin da na baka ya riga ya magance wannan tunda amfilifayar bata tashi sai sifiku suna hannunta.

Abu biyu ka duba a motarka kafin ka yanka komai. In rubutun JBL yana jikin rediyo ko murfin sifika, toh akwai wata amfilifayar kamfani a ɓoye, wayoyin bayan rediyo ba na sifika bane, sai ka nemo inda take kayi aikin a wayoyin fitarta, kuma sifikun irin wannan tsarin sau da yawa om 2 ne. Ka auna da mita, mai om 4 zata nuna wajen 3.2 zuwa 3.8, in kaga wajen 2 ka duba ko amfilifayarka ta yarda da om 2. Na biyu, sifikun da kamfani ke sawa a ƙananan motoci don wat 20 ɗin rediyo aka yi su, in ka sakar musu 75 gaba ɗaya bazasu daɗe ba. Ka rage gen, wato mamurɗin ƙarfi da ke jikin amfilifaya, ka kunna HPF, wato matatar da ke tare bes, ka ajiye shi wajen 80Hz don bes mai nauyi ya daina dukansu. In ka sa sifiku masu tuwita daban da akwatin kurosoba mai raba musu sauti, rilay kafin akwatin yake zama, ba bayansa ba.

Yanzu gaskiyar abinda zan yi da motata ce. Bazan sauya sifiku ba sam, zan bar su dindindin a kan amfilifaya, in sauya abinda ke shiga cikinta. Wayoyin sifika na rediyo su shiga ɗan akwatin nan da ake kira hai-tu-lo, mai mayar da su RCA, wasu amfilifayar ma suna da wajen karɓarsu kai tsaye an rubuta HIGH INPUT. Sai RCA na rediyo da RCA na Bluetooth su haɗu a ɗan makunnin zaɓi, fitarsa ta tafi amfilifaya. A nan babu amfiya, bolt biyu ne zuwa huɗu mara nauyi, ƙaramin makunni ya isa, in kayi kuskure ma iyakaci kaji gunji babu abinda zai ƙone, kuma labaran rana da kake ji a rediyo suma zasu fito da ƙarfin amfilifaya. In kaji wani siririn kuka yana bin totur, ka sauya har da bayan RCA ɗin da 4PDT maimakon ka haɗe su, ko ka sa ɗan akwatin raba as a layin Bluetooth, sau da yawa cajarsa ce ke kawo kukan. Abinda zaka rasa kawai shine daidaita gaba da baya daga rediyo in hai-tu-lo ɗinka mai canel biyu ne. In ma rediyon yana da AUX, ka jona Bluetooth ɗin a nan, ko makunnin baka buƙata.

Inda sauya sifikun yake da dalili shine in kana yawan zama a mota inji a kashe kana jin rediyo baka son babbar amfilifaya tana jan batir, ko kana so in ta shiga furotek a hanya ka koma rediyo, ko kai mai shago ne kana gwada wa kwastoma amfilifaya biyu a sifika ɗaya. In wufa ce, wato babbar sifikar bes, za'a raba ƙa'idar ɗaya ce amma lissafin ya canza, wat 500 a om 2 kusan amfiya 16 ne, wat 1000 a om 1 ya haura 31, nan LY2 ya fita, sai rilay na mota na amfiya 40 da waya mai kauri 12 AWG ko sama, kuma a kashe duka biyun kafin a sauya. Bakin rilay in yayi datti ya kai kashi ɗaya cikin goma na om, a amfiya 16 wat 25 ne na zafi a waje kamar kan ashana, roba narkewa take. Masu amfilifayar shela da makirfo kuma, ta talla ko ta wa'azi, ku duba bayanta, in akwai wajen da aka rubuta 70V ko 100V wannan na hon masu taransifoma ne, kada ya kusanci sifikar mota, wajen 4 ko 8 om zaku ɗauka.

In an gama haɗi kada a jona rediyo da amfilifaya tukuna. Mita a wajen ƙara, fulogin rediyo a zare, wayoyin amfilifaya a sake. Rilay babu wuta, kowace wayar rediyo ta nuna tana haɗe da sifikarta, na amfilifaya duk shiru. Ka basu wuta, abin ya juye. Sannan gwajin da yafi kowanne, tsinke ɗaya a wayar rediyo ɗaya a wayar amfilifaya, ka bi su duka takwas da takwas, a kunne da a kashe, mita kada tayi ƙara ko sau ɗaya, haka tsakanin kowace waya da bodi. Wanda yayi ƙara ka tsaya ka nemo dalili, yawanci silin waya ɗaya ne ya tsallaka ƙafar kusa ko dalma ta zuba. In duk sun wuce ka mayar da batir, ka fara da rediyo a murya ƙasa kabi sifikun ɗaya-ɗaya da balans da feda, ka kashe shi, ka danna makunni ka gwada amfilifaya gen a ƙasa. Bayan kamar minti goma na kiɗa ka taɓa rilay ɗin, ɗumi kaɗan daga kwayil ba komai bane, amma in wata ƙafa tafi sauran zafi haɗin wajen bai kama ba, a sake masa dalma kafin a mayar da dashbod.